Zobe Ba Gauraye

Da na yanke shawarar neman auren Rifkatu, na je wurin Oga Chidi, maƙerin zinare a kasuwar Kafanchan, na ce zoben zinare tsantsa nake so.

Ya ce, "Ɗan'uwa, tsantsa yana da laushi fa. Bari na sa jan ƙarfe kaɗan."

Na dafa ƙirji irin na jaruman littattafan soyayya. "Ƙaunata ba ta da gauraye, zobenta ma haka!"

Ya ƙera mini siriri. Na cusa shi a aljihun baya, na hau acaba zuwa Zangon Kataf ina tsara kalamai, ban ma san muna faɗawa ramuka ba.

Bayan sujada a coci, a gaban mawaƙan kwaya, na durƙusa na zaro zoben. Ashe ya lotse, ko tsinken tsintsiya ba zai shiga ba.

Rifkatu ta jujjuya shi. "Buroda, wannan na wane yatsa ne?"

Na ce, "Ai tsantsa ne, ba gauraye!" Sai da ta gama dariya ta amince, ta rataya shi a wuya. Har yau, in zan zauna a coci, sai wani ya ce, "Ba-Gauraye, duba aljihu tukuna!"