Ranar da Na Sha Lissafi

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da shekarata ta uku a ajin yaƙi da jahilci ba. Ni baduku ne a Madabo. Shekara ashirin ina ɗinke wa malamai layu, don haka na san hatimi in na gan shi. Wani malamin hisabi da nake yi wa ɗinki ya taɓa gaya mini cewa kowane harafi yana da adadinsa, kowane adadi kuma da rauhanin da ke yi masa hidima.

Sau biyu ina faɗuwa jarrabawa. Duk waɗanda muka fara tare sun karɓi takardar shaida, ni kuwa ina nan. Sai na ƙudurta a raina lalle boko ma yana da nasa asirin, ɓoye mini ake yi.

Wata Laraba bayan la'asar, malaminmu, Malam Garba, ya zana gida-gida a baƙin allo, ya cika su da lambobi. Hatimi sak. Da aka tashi na ce, "Malam, bari in goge maka." Na jira zauren ya watse, na jiƙa tsumma, na wanke allon tas, na matse a ƙoƙo (har da bisimilla, kada ku ce ban yi ladabi ba), na kafa kai.

Ashe Malam ya manta littafinsa. Sai ga shi da 'yan ajinmu uku.

Malam ya ce, "Baba Ilu, me kake sha?"

Ga ƙoƙo a hannuna, ga gemu fari fat da alli.

Tanko mahauci ya ce, "Bari mu ga ko ya kama. Baba, bakwai sau shida?"

Na tsaya ina jiran rauhani. Bai zo ba. Na ce, "Talatin?"

Tanko har da riƙe bango. Malam Garba kuwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Wallahi, Baba, da akwai asiri da kai zan fara ba. Babu komai a ciki sai maimaitawa."

Wannan maganar ta fi dariyar yi mini ciwo. Da akwai asiri, da laifin na mai ɓoyewa ne. Tunda babu, ƙwaƙwalwata ce kawai, kuma ba ni da wata.

Na sake faɗuwa a shekarar. Yau shekarata biyar a ajin, ina layin baya, furfura na ƙaruwa, takardar shaida shiru. Abin da dai na tabbatar da kaina shi ne, lissafin boko ba ya bi ta ciki, alli kuma yana hana mutum bayan gida kwana uku.