Ranar da Aka Ji Jitata

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da Yaya Hamisu ya zo jin kiɗanmu ba, ko da na so in manta.

Mu uku ne, 'yan ci-rani a Riyad: ni da jita, Bala mai ganguna, sai Nuhu da ya haɗa mu, shi ke waƙa yana kaɗa tasa jitar. Kiɗan pank muke yi, na ihu da hayaniya, muna amayar da haushin kafil, ubangidan da ya kawo mu aiki, da kewar gida da Hausa. Duk Juma'a bayan la'asar mu kama wata istiraha, gidan hutu na haya, a ƙarshen unguwar Shifa, mu toshe tagogi da katifu. Shekara shida muna haka a ɓoye. (Ni a raina ni ne ƙashin bayan ƙungiyar. Har gashi na tara.)

Sai Nuhu ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Zuciya. A nan Riyad aka binne shi, kuma har yau ban warke ba.

Yayansa Hamisu, dattijo malamin makaranta, ya zo daga Zariya kwashe kayansa. Ya ce, "Nuhu yakan ce min yana da abin da zai bari a duniya. Ku nuna min, in kai wa Inna labari." Mu kuwa ba mu taɓa naɗar ko waƙa ɗaya ba, don gudun kada ya kai kunnen kafil. Abin da Yaya zai ji ran nan shi ne duk gadon Nuhu.

Muka kai shi istiraha, a kan Bala zai rera. Da can Nuhu ke haɗa wayoyi da daidaita sauti, ba ya barin kowa ya taɓa. Da na duƙa gaban na'urar sai na ga maɓallin jitata a murɗe can ƙasa, an manne shi da salatif. Bala ya ce, "Malam, bar shi yadda yake." Ina! Na ɓalle salatif na murɗe har ƙarshe, wai girmama mamaci nake.

Wayyo Allah. Abin da ya fito daga lasifika kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti. Ina gabas, gangunan Bala suna yamma, muryarsa ko kaɗan ba a ji. Ashe duk shekarun nan jitar Nuhu nake ji ina ɗauka tawa ce. Ban kai rabin waƙa ba na tsaya, gumi har cikin takalmi.

Bala ya ajiye sanduna, bai ɗago ba. "Tun shekarar farko na ce a sallame ka. Nuhu ya ce in ba nan ba, ba ka da wurin zuwa ran Juma'a."

Yaya Hamisu ya miƙe ya matso kusa da ni. Ya kama hannuna da hannu biyu. "To, na ji. Zan gaya wa Inna ɗanta mai haƙuri ne. Allah ya jiƙansa."

Muka ce amin. Washegari ya hau jirgi bai ji ko baiti ɗaya na ƙaninsa ba, kuma ni na jawo. Bala bai sake zuwa istiraha ba.

Ga abin da na koya, a makare: in ka yi shekara da shekaru ba wanda ya kushe ka, kar ka yi saurin tara gashi. Akwai mai rufa maka asiri, kuma ba lallai ka samu damar yi masa godiya ba.