Yadda Za Ka Dafa Albasa Tun Tana Cikin Ƙasa

Girman kai rawanin tsiya ne, ni kuwa na naɗa shi har da kunnuwa biyu. Shekara arba'in ina noman rani da irin albasar da na gada wurin mahaifina, ban taɓa tambayar kowa komai ba. In kana so ka rasa irin gidanku a kaka guda, bi waɗannan matakai. Na gwada da hannuna, ba su kuskure.

1. Ka ji rabin magana

Mijin 'yata malamin gona ne. Ya zo gaishe ni, ya kawo leda baƙa mai faɗi da siririn tiyo mai ƙananan huda. Ya ce leda tana riƙe laima, tana hana ciyawa, tiyo kuma yana ɗiga ruwa a gindin shuka. Ya fara cewa, "Baba, amma shi tiyon sai an sa shi a…" Nan za ka ɗaga hannu. Ka ce, "Yaro, tun ba a haifi ubanka ba nake ban ruwa." Zai sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba." An ce matambayi ba ya ɓata, to kai ɓata kake nema, me ya haɗa ka da tambaya?

2. Ka zuba irin gaba ɗaya

Kada ka rage ko cikin cokali a gwangwanin irin. Mai ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka bar kaɗan a ƙasan gwangwani mana, ko don wata rana." Na ce mata mai shakka ba ya noma. Da irin ya isa dashe ta tsinci 'yan ragowar da na yar a gefe, ta dasa a wani tsohon baho mai yoyo bayan ɗakin girki. Ka yi mata dariya sosai, yadda maƙwabta za su ji.

3. Ka ɗora tiyo a kan leda

Wannan shi ne zuciyar aikin, ka kasa kunne. Ka ja kunya goma sha biyu, ka lulluɓe su da leda, ka danne gefe da ƙasa. Ka huda ledar da ɗan yatsa, huda ƙarama, ka cusa dashe. Sai ka shimfiɗa tiyon a sama, inda idonka zai gan shi. Masu boko ƙarƙashin leda suke sa shi, daga baya na ji. Amma gani ya kori ji, ni ruwan da ban gani ba ban yarda da shi ba.

Ka tada injin ban ruwa. Ruwa zai riƙa ɗiga a kan leda yana ƙyalli, ya gangara cikin kwari ya wuce abinsa. Ka goye hannu a baya ka ce, "Kai, zamani!"

4. Kada ka taɓa leƙa ƙarƙashi

Rana za ta bugi baƙar leda har ta yi zafin murfin tukunya. Lawashi zai fara rawaya, ya langaɓe. Ciyawar cikin kwari kuwa, da yake ita ke shan ruwan, za ta yi kore shar ta kai gwiwa. Mai hankali zai tura yatsa ƙarƙashin leda ya ji ƙasa. Kai dattijo ne, ba a ganin ka durƙushe. Ka ƙara wa inji mai kawai.

Maƙwabcin gonata, wanda muke kira Dogo, ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Tsoho, ciyawa ka shuka bana, ko albasar ce ta canza kama?" Na ce masa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Dogo fa ya girme ni da shekara biyu.

5. Ka nemo mai laifi

Ka fara da ruwan rijiya, ka ce ya yi gishiri. Ka koma kan mai sayar da man inji. In duk sun ƙare, ka juya kan albasar, ka ce dama ba ta yi halin ruwa ba. Ina za ta yi halinsa, alhali ba su taɓa haɗuwa ba?

6. Ka bari suruki ya ɗaga ledar

Bayan sati huɗu ya dawo. Ya tsaya ya dubi tiyon. Ya durƙusa ya ɗage gefen leda, ya damƙo ƙasa, ta zube ta tsakanin yatsunsa kamar toka. Ya zaro dashe guda, saiwar ta bushe ƙayau. Ya ce, "Baba, ledar kam ta sha ruwa." Mai ɗakina, da ta kawo mana ruwan sha, ta ce, "Ai ita aka shuka."

Ga abin da ya tafi: kunya goma sha biyu babu kai ko ɗaya. Leda naɗi biyu. Man inji na wata guda, duk a cikin ciyawa. Gwangwanin mahaifina, fayau. Abin da ya saura na irin gidanmu a duniya shi ne kai bakwai cikin baho mai yoyo, suna shan ruwan wanke-wanke. Na je na tsaya a kansu, na yi gyaran murya. Mai ɗakina ta ce, "In sun yi fure zan sam maka cikin cokali, Malam, amma sai ka tambaya."

Na tambaya.

Wanda ya bi waɗannan matakai albasarsa ta dahu, kada ya zo ƙofata. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, ni ma nawa hohon nake karɓa.