Ranar da Wule ta kore ni

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da ya same ni a bikin Hajjo kwanan nan. Har yanzu in na ji kukan saniya sai in canza hanya.

Laifin Maimu ne. To, ba laifinta ba ne, amma ku bar ni in ɗora mata. Maƙwabciyarmu ce a Bagudo, tare muka gama sakandare, kuma wallahi na fi ta maki. Amma ku bi ta kasuwa ku ga ikon Allah: mai kifi ya kira ta, 'yan kabu-kabu su ɗaga mata hannu, matan da ke tsallakowa daga Benin da manja su rungume ta suna yi mata yarensu na Dandanci. Ni kuwa sai dai in ji, "Ke ce ƙawar Maimu ko?" (Ni da babana ke da shago a bakin kasuwar!)

Hajjo 'yar ajinmu ce, rugarsu na bayan Matsinkai. Kakarta, Inna Dudu, ita ke zaɓen ƙawar da za ta ɗauki babbar ƙwaryar amarya ta shiga gaba in za a kai ta ɗaki. Na ce wannan karon, ko ana ha-maza-ha-mata, kaina za ta hau.

Muna sauka daga babur Maimu ta fara halin nata, gaida wannan, ɗauki ɗan wancan. Na ce madalla. Na yanke ta cikin garke don in riga ta isa wurin Inna. Sai ga wani ɗan maraƙi ɗaure a igiya, ko tsayuwa bai gama iyawa ba. Na hango tsofaffi a inuwa suna kallona. Zuciyata ta ce, yau za su san wa ya fi kirki. Na durƙusa na rungume wuyansa, har da su "sannu ɗan kyakkyawa", da ƙarfi yadda za a ji.

Ashe ko yaron goye a rugar ya san ba a taɓa sabon maraƙi uwar na kallo.

Huci na fara ji a bayana. Na waiwaya, ƙahoni kawai na gani. Ban san inda takalmina da ɗankwalina suka yi ba. Ni da ban taɓa hawa ko katanga ba, sai ga ni a kan aduwa, ƙaya ko'ina, zanen ankona ya tsage har cinya, ina kururuwa, "Na tuba! Wallahi na tuba!" (Saniya nake ba haƙuri, da Hausa.)

Baffan Hajjo ya kira sunan saniyar, "Wule!" sau ɗaya, ta juya abinta. Sai dariya ta ɓarke, har makaɗa suka ajiye ganga.

Wa ya zo gindin aduwar? Maimu. Ta cire mayafinta ta miƙo min. "Sauko, 'yar'uwa, ba wanda ya gani." Alhali duk 'yan bikin suna tsaye a bayanta. Da ta yi dariya ma da na samu abin riƙewa, amma ko murmushi ba ta yi ba.

Inna Dudu ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, mu ga mu zaune, ba mu ishe ki gaisuwa ba sai ɗan Wule?"

Da aka fito da ƙwaryar, Maimu ta ce, "Inna, a ba ta mana, ta sha wuya."

"Wagga? Ta fasa muna ita?"

Haka na bi bayan Maimu cikin mayafinta, ina ɗingishi, ƙwarya na kanta.

Yanzu kam burina ya cika, kowa a Bagudo ya san ni. Mai kifi ma kirana yake: "Ƙawar Wule, ya jiki?" Abin da na koya shi ne, farin jini ba a yanke masa ta cikin garke. Mayafin kuma yana nan wurina, na wanke na goge, na rasa da wane ido zan mayar.