Fuskar Mai Girma Ta Kyauta

Jiya na tafi kasuwa sayen fuska, na dawo da buhu a kai kamar mai gudun hijira.

Kun san al'adarmu ta ƙarshen shekara a wannan lungu na ƙasar Ekwado. Mu cusa garin katako cikin tsoffin kaya, mu ɗora wa mutum-mutumin fuskar wanda ya fi ba mu haushi, mu banka masa wuta a ƙofar gida. Tun ina yarinya haka muke gaya wa manya abin da ke ranmu. Bana kuwa, da famfonmu ya bushe tun bikin Ista, kowa ya san wa za a ƙona.

Shi ma Mai Girma Uban Gari ya sani, Allah ya ƙara masa tumbi. Ya shiga rediyo ya ce dimokuraɗiyya muke yi, kowa na da 'yancin ƙona shi. Don tausayin talaka ma, ofishinsa zai raba fuskarsa kyauta. Na ga fuskar. Suma cike da kai, haɓa guda ɗaya tak, haƙora a jere. Mutumin da muka sani haɓarsa uku ce, sanƙonsa kuwa har haska hanya yake.

Na isa rumfar Don Eulogio, mai yi mana fuskoki da takarda da ƙullun fulawa, na tarar da wani jami'i mai farar riga yana kallon kayansa.

"Ba mu hana ka sayar da naka ba, Don Eulogio," in ji jami'in. "Ko kusa. Sai dai na lura rumfar nan ta ɗan shigo hanya. Bayan biki za mu zo mu auna."

"Ranka ya daɗe, tun ba a haife ka ba take nan."

"To, ka ga ta daɗe tana tare hanya ke nan."

Da rumfar nan Eulogio ke riƙe da matarsa mai ciwon ƙafa. Jami'in na juya baya ya soma sauke fuskokin da ya kwana biyu yana yi, ya rataye na kyautar. Ya zuba nasa a buhu ya miƙo mini.

"Iya Hortensia, ki ɓoye mini. Ke tsohuwa ce, ba mai auna ki."

Maƙwabciyata Zoila ta karɓi ta kyautar ta ɗora wa mutum-mutuminta, ta ja baya ta ƙare masa kallo.

"Wannan saurayin zan ƙona? Me ya yi mini? Ai a falo zan zaunar da shi, 'yata ta samu abin kallo."

Duk layinmu haka ake ciki. Ba wanda ya san wannan kyakkyawan, balle ya ji haushinsa. Kun ga aikin ilimi: ba a rufe bakin kowa ba, ba a ƙwace ashanar kowa ba. Idan gari ya waye ba toka, rediyo zai sanar da cewa son da muke masa ne ya hana.

Eulogio dai ya tsira da rumfarsa, sai ranar awo. Ni kuma ga ni da kawunan Mai Girma cike da ƙarƙashin gadona, kowanne da haɓarsa uku. Da safen nan na jawo ɗaya na zauna na karanto masa maganar famfo tun daga farko. Bai katse ni ba, bai duba agogo ba, bai yi mini alkawari ba. Ban taɓa jin daɗin dimokuraɗiyya irin na yau ba.