Muryar Madam

Shekara goma ina kallon finafinan wata 'yar wasa mai jan gashi, wadda kullum sai an bi ta filin jirgi ana roƙon ta aure. A bakinta na goge faransancina. Ranar da na tashi daga Parakou zuwa Djougou gaida surukai, aka kunna talabijin, sai ga 'yar wasan ta fito. Maimakon in sunkuyar da kai kamar kowane suruki, sai na gyara zama.

"'Yar Paris ce," na ce. "Ku ji yadda take lanƙwasa harshe. Wannan a nono ake sha."

Yaya Sani, yayan matata, direba mai zuwa Kano, ya ce, "Ni kuwa a tasha na gan ta a fim tana Hausa raɗau."

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce in ba 'yar Faransa ba ce, a aske min gashin baki.

Matata ta latsa waya ta miƙo min. Fuskar ita ce, amma wata murya ce mai kauri ke zuba turancin Amirka.

"Mura take yi?" na tambaya.

"Maigida, ɗora murya ake yi," in ji matata ƙasa-ƙasa.

"To wa nake saurare shekara goma?"

Surukina dai ya aika a kira wanzami.

Gashin baki ya tsiro tuni. Amma har yau a unguwarmu ta Zongo, da na ce bonjour, sai wani ya leƙa bayana: "Taka ce, ko ɗora maka aka yi?"