Ranar da Na Wanke Jarina da Toka

Ba zan taɓa mantawa ba da tambayar da Baba Ayuba ya yi mini a ɗakin malamai, da kuma irin gadarar da na amsa masa da ita.

Ni malamar tattalin arziki ce a wata sakandare a Unguwar Sanusi (ku riƙe wannan, don shi ne ya fi ciwo). Da na ɗauki adashina, sai na ƙi sayen atamfofi ko firij kamar sauran mata. Na aika wa ƙanena da ke aiki a ƙasar waje ya sayo mini sulallan azurfa guda uku, irin waɗanda ake bugawa 'yan kaɗan don masu tarawa. Kowanne a rufe cikin 'yar robarsa, ga satifiket.

Daga nan fa abokan aikina suka shiga uku. Ko gaisuwa aka yi mini sai na kawo zancen. "Abin da ya yi ƙaranci shi ke tsada," nake ce musu. "Ku zauna da nairarku tana narkewa." Da Madam Rifkatu, malamar Turanci, ta gaji, sai ta ce mahaifinta, Baba Ayuba, da ke Rido ya shekara da shekaru yana tara tsofaffin kuɗi, za ta kawo shi ranar Litinin ya gani. Na ce ta kawo shi, ya zo ya ga abin da bai taɓa gani ba.

Ranar Asabar na ɗauko su, sai na ga gefen ɗaya ya ɗan yi duhu. Haba, baƙo zai zo ya tarar da kayana da dauɗa? Na sa wuƙa na ɓalle robobin. Na samo toka da lemun tsami da soson ƙarfe, na zauna a tsakar gida na dirje su yadda Inna ta koya mini dirje faranti (kuma Allah ya sani na iya). Suka yi fes, har ina ganin haƙorana a ciki.

Litinin da hutun tara ɗakin malamai ya cika, har da shugaban makaranta. Baba Ayuba ya zauna, ya ciro gilashin ƙara girma daga aljihu. Ya duba na farko, ya juya shi, ya duba na biyu. Sai ya ɗago ya dube ni.

"'Yata, wa ya wanke su?"

Na gyara mayafi. "Ni da hannuna, Baba. Awa biyu na yi a kansu."

"Sannu da aiki," ya ce a hankali. "To ai kin wanke kuɗinki. Mai tara irin waɗannan, fuskar da aka bugo su da ita yake saye. Ko yatsa ba a sa musu. Dubi nan, duk kin karce su. Yanzu sai dai maƙeri ya auna ya biya ki nauyin azurfar."

Da ƙyar na ce, "To da ban taɓa su ba fa, Baba?"

"Da ma sai kin samu mai so. Ƙarancin abu ba ya sa shi tsada in ba mai nemansa. Ina da irinsu a gida, shekara nawa ba wanda ya taya."

Wato darasin zangon farko na 'yan aji huɗu, wanda nake koyarwa duk shekara. Malam Sani na lissafi ya yi gyaran murya, ya ce kofin gasar makaranta ma ya yi duhu, in ina da sauran toka. Shugaban makaranta ya fita da sauri, kafaɗunsa na rawa.

Na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur. Amma ban gudu ba, kuma da wannan nake alfahari. Ana buga ƙararrawa na kwashi sulallaina na shiga aji, na zube su a gaban ɗalibai, na ba su labarin tun daga adashi har soson ƙarfe. Suka yi dariya har da masu hawaye, sannan muka shiga darasin buƙata da wadata. Ban taɓa ganin aji ya fahimci abu irin na ranar ba. Yanzu duk shekara da sulallan nan nake buɗe darasin, 'yan wasu azuzuwan har leƙowa suke ta taga.

Abin da na koya shi ne, kafin ka sayi abu don ya yi tsada, ka fara tambayar wa zai saya a hannunka. In kuma ka riga ka saya, ka bar shi da dauɗarsa.